Bindigar Iska a Ƙasar Ruwa

Kowace ƙasa da irin ranar wahalarta, kowane mutum kuma da abin da yake yi wa tanadi. Buzu a Hamada ƙishirwa yake tsoro, shi ya sa ba ya rabo da salka. Mu mutanen Kirikasamma ruwa muke yi wa shiri, ruwan da shi ne arzikinmu, shi ne kuma abin fargabarmu. Kogin Haɗeja idan ya baro birnin sai ya rasa gaɓar da za ta riƙe shi, ya baje a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, ya rarrabu rassa-rassa, wani ya bi ta Marma ya nufi tafkin Nguru, wani ya ɓace cikin fadamu. A kan wannan bajewa kakanninmu suka gina rayuwarsu: shinkafa da damina, kifi da kaka, alkama da tattasai da rani, ga Fulani da shanunsu suna bin ɗanyar ciyawa duk inda ruwa ya janye.

Dattawa suna cewa da can ruwan yana da alƙawari, an san lokacin zuwansa, an san na tafiyarsa. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, sai tafiyarsa ta sauya. Ruwa ya riƙa kwanciya a wuraren da a da suke bushewa da rani, kacalla ta samu wurin zama ta toshe magudanai, laka ta taru a gindinta. Saboda haka idan damina ta yi nauyi, ruwan da ya rasa hanyarsa sai ya nemi tamu. Haka aka yi a 2012, aka sake a 2020, aka kuma maimaita a 2022, shekarar da ambaliya ta hallaka fiye da mutum 600 a faɗin Nijeriya. Wanda bai taɓa gani ba yana zaton gida ko gona ambaliya ke fara ci, alhali kuwa hanya take fara ci. Ranar da titi ya yanke, duk abin da mota ke kawowa ya yanke tare da shi: gishiri, magani, fetur, ashana, har da labari idan cajin waya ya ƙare. Da wannan ma'auni nake auna duk wani kaya da aka ce na ranar wahala ne, kuma a wajen zaɓen bindigar iska na koye shi.

Maganar ta taso ne bayan ruwan 2020 ya janye. Ƙanena, autan gidanmu, yana karatu a Dutse a lokacin. Ya zo hutu da waya cike da bidiyon wasu mutanen Amurka masu tara abincin gwangwani a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, suna jiran ranar da wuta za ta ɗauke, kasuwa ta watse, kowa ya koma neman abin da zai ci da hannunsa. Cikin kayan da suke yabo har da bindigar iska, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Ba ta cin albarushi, ba ta da ƙarar da za ta watsa sauran tsuntsaye, harsashinta kuma ƙwayar dalma ce 'yar mitsitsiya, gwangwani guda mai ƙwaya 500 yana shiga aljihun riga. Ya ce, "Yaya, mu haɗa kuɗi mu sayi guda. Ba a fafe gora ranar tafiya." Na saurare shi da kunnen basira, domin na ga abin da ɓeraye suka yi wa ragowar hatsin da muka tsere da shi kan tudu, na kuma ga yadda bindigar tokar Kawu ta koma sanda saboda albarushinta ya sha danshi.

Kawu ƙanin mahaifiyarmu ne. Ya yi farauta tun yana saurayi, ya yi su har bayansa ya sunkuya, kuma a gidanmu ba a yanke shawarar daji ko ta ruwa sai an ji ta bakinsa. Gabansa muka kai wayar wata la'asar yana ɗinkin raga a gindin darbejiya. Ya daɗe yana kallon hotunan, sannan ya ɗago ya ce, "Auta, wannan dabbar me take ci?"

Ƙanena ya yi dariya ya ce, "Kawu, iska take ci. Iska kuwa kyauta ce."

Kawu ya ce, "Ruwa ma kyauta ne, amma ɗan garuwa yana karɓar kuɗinsa. Wa yake kai mata iskar?"

Wannan tambaya ita ta rarrabe mana bindigogin da a hoto duk kamarsu ɗaya. Akwai wadda ake sa wa 'yar kwalbar ƙarfe mai gas a ciki, a sayo ta a cike, a yar da ita idan ta ƙare. Kwalba ɗaya ba ta wuce harbi 'yan gomomi, kuma ba a Haɗeja ake yin ta ba, sai mota ta kawo ta daga nesa. Wannan tun kafin Kawu ya buɗe baki muka san ta faɗi.

Akwai kuma mai tulun iska a ƙarƙashin bututunta, wadda a kanta zuciyar Auta ta kwanta. Gaskiya ita ce sarauniyarsu wajen saiti: ba ta zabura a kafaɗa, ana yin harbi da yawa da cikawa ɗaya. Sai dai iskar da tulun yake buƙata ta ninka ta tayar mota kusan sau ɗari, abin da famfon keke ba zai taɓa iyawa ba. Dole sai famfo na musamman mai tsada, cike da ƙananan zobban roba, wanda idan ɗaya ya tsage aiki ya tsaya. Iskar damina kuma jiƙaƙƙiya ce, duk wanda ya matsa ta cikin tulun ƙarfe ya matsa ruwa tare da ita, tsatsa ta fara cin tulun ta ciki inda ido ba ya gani. Wannan matsala tsohuwa ce. Wajen shekarar 1780 sojan Ostiriya sun ɗauki irin wannan bindiga mai tulun iska, ƙirar wani gwani mai suna Girandoni. Ba ta hayaƙi, tana harbi a jere a zamanin da sauran bindigogi sai an ɗura kowane harbi ta baki. Duk da haka daga baya suka ajiye ta, domin cika tulu ɗaya yana cin bugun famfo wajen 1,500, ga yoyon iska, ga ƙarancin masu gyara a fagen fama. Abin da ya gagari daula mai ma'aikatar makamai, na ce wa Auta, da wuya mu iya masa a kan tudun da ruwa ya kewaye.

Ta uku tana da famfonta a jikinta, sai mutum ya buga shi sau da yawa kafin kowane harbi. Ba ta jiran kowa, wannan kam abin yabo ne, amma kafin a gama bugun da ƙwaƙwas-ƙwaƙwas ɗinsa kurciya ta daɗe da tashi. Ta huɗu ita ce mafi sauƙin ƙira, wadda ake karya bututunta kamar ana karya rake a gwiwa. Karyawar nan ita ke danne wani kakkauran sifirin da ke cikinta. A sa ƙwaya ɗaya, a mayar da bututu, a ja kunama, sifirin ya saki ya tura fistin, fistin ya matse iskar da ke gabansa, iskar ta fitar da ƙwaya. Ƙarfin dantsen mai ita shi ne abincinta, ba ta neman komai bayan wannan.

Sai Kawu ya juyo gare ni ya ce, "Malam, to in ta yi ciwo, wa ke da maganinta a garin nan?" A nan ma ta huɗun ce ta tsira. Abin da ke lalacewa a cikinta bai wuce sifirin ɗin da kuma abin da ke hana iska zurarewa a kan fistin ba. Tsofaffin ƙira da fata ake yi musu wannan, fatar da duk wani baduku zai iya yankawa idan ya ga tsohuwar, sababbin kuma roba ce da mutum zai iya sayen ta ajiya tun ranar ciniki. Mai gyaran babur da ya saba da sifirin yana iya kwance ta ya ɗaura, muddin ya san cewa sifirin ɗin a danne yake, yana iya tsalle ya ji masa rauni. Kawu ya gyaɗa kai ya ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Saura girman ƙwaya. Iri biyu suka fi yawa, mai faɗin milimita 4.5 da mai 5.5. Ƙaramar nauyinta wajen rabin giram ne, tana tafiya a miƙe, ta fi arha. Babbar ta kusa giram guda, tana saurin sunkuyawa idan nisa ya yi yawa, amma dukanta ya fi nauyi, iska kuma ba ta cika kaɗa ta ba. Babbar muka zaɓa, saboda wata ƙa'ida da Kawu ya daɗe a kanta: abin da ka harba ya faɗi a inda ka harbe shi. A ƙasarmu tsuntsun da ya tashi da rauni cikin kacalla yake faɗawa, ba mai sake ganinsa, ya tafi a banza ya zama mushe. Madubin hangen da Auta ya so a ɗaura mata shi ma muka bar shi. Bindigar sifirin tana zabura gaba da baya a harbi ɗaya, wannan girgiza tana kwance madubi mai arha, hazon safiya kuma yana rufe shi. Saitin ƙarfe da aka ƙera ta da shi ya isa, tun da dai duk abin da ya wuce taku talatin ba rabonta ba ne.

A wuri ɗaya ne muka zaɓi abin da ya fi rauni da saninmu. Akwai mai ƙotar baƙar roba, wadda ruwa ba ya kumbura ta, akwai mai ƙotar katako, wadda danshi ke shiga. Bisa lissafin ambaliya ta roba ce ta dace. Amma ta robar an ƙera ta ne da siffar bindigar soja, kuma muna zaune a zamanin da ake yanke wa mutum hukunci daga nesa, kafin a tambayi sunansa. Muka ɗauki ta katako, wadda ko yaro ya hango ta ya san ta mafarauci ce. Na kuma tsaya kai da fata cewa ba za ta kwana a gidanmu ba sai da takarda, domin Dokar Makamai ta 1959 ta lissafa bindigar iska cikin waɗanda sai da lasisin 'yan sanda ake mallaka, ko da yake mutane da yawa suna ɗaukarta abin wasan yara. Abin da ya faru a Uromi ta Jihar Edo a watan Maris na 2025, inda aka kashe mafarauta 16 'yan Arewa da ke kan hanyar komawa gida bayan an ga bindigogin toka a motarsu, ya nuna cewa makamin da mutum ya ɗauka don tsira yana iya zama sanadin ajalinsa ba tare da ya harba ko sau ɗaya ba.

A watan Satumba na 2022 aka gwada zaɓinmu. Jingar da muka yi gayya muka ɗaga ta ɓalle cikin dare, kafin asuba mun kwashe yara da tsofaffi da buhunan da suka samu zuwa wani tudu mai itatuwan goruba, mu da wasu gidaje na unguwarmu da wata rugar Fulani. Kwana goma sha ɗaya muka yi a can. Bindigar ta zo a naɗe cikin leda, kuma ba ta ba mu kunya ba. Duk safiya Auta yana samo kurciya biyu ko uku, wani lokaci hasbiya, ya harba da bisimilla, wadda ta faɗo da sauran rai a yanka ta nan take. Romonsu aka riƙa ba masu jego da tsofaffin da zazzaɓi ya kayar. Babban aikinta kuwa da dare ne. Ruwan da ya koro mu shi ya koro ɓeraye da gafiyoyi, duk muka haɗu a tudu ɗaya muna neman hatsi ɗaya. Da tocila a hannun wani yaro, Auta yana zaune gefen buhuna yana ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, ba tare da ya tashi jariri daga barci ba.

Kawu ya kafa mata dokoki tun ranar farko. Ba a harbi a kan fuskar ruwa, domin ƙwaya tana tsalle a kansa kamar tsakuwar da yara ke jefawa, ga kwalekwale suna kai da kawo. Ba a jan kunama babu ƙwaya a ciki, domin fistin zai daki ƙarfe ya lalace. Ana shafa mai a jikin ƙarfenta kullum saboda tsatsa, amma ba a ɗiga man inji inda iska ke matsuwa, domin zafin matsin yana kunna shi. Ni kuma na ƙara tawa: kada wanda ya riƙe ƙwaya a baki yadda samari suke yi don saurin ɗuri, kuma a lalubo ta a cire kafin nama ya shiga tukunya. Dalma guba ce. Wanda ya tuna yara wajen 400 da gubar dalma ta kashe a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara a 2010 ba zai yi wasa da ita kusa da abincin yaro ba.

Duk da haka, idan za a yi lissafin adalci, ba bindigar ce ta ciyar da mu ba. Kurciya uku ba sa ƙosar da mutum hamsin. Abin da ya riƙe mu shi ne ƙugiyoyin da Kawu ya jera a igiya yana ɗaurawa da magariba, da ragar maƙwabcinmu, waɗanda suka riƙa kawo tarwaɗa da karfasa. Mata suka shiga ruwa iya ƙugu suna ciro bado, abincin da kakanninmu suka sani tun shekarun yunwa. Fulani suka ba yaranmu nono, muka ba su kifi. Kwalekwale ɗaya tak da ke tudun shi ya fitar da wata mai naƙuda zuwa inda mota ke iya isowa, shi ya dawo mana da gishiri.

A rana ta takwas aka yi abin da har yau nake juya shi a raina. 'Yata ƙarama ta kwana biyu tana ƙin kifi, ko ƙamshinsa ta ji sai amai, ranar kuma kurciyoyi sun ƙi sauka. Da hantsi sai ga dinya ta fito daga gefen kacalla, ƙatuwa, baƙin bayanta yana sheƙi, 'ya'ya bakwai suna biye da ita a jere. Auta ya karya bindiga ya sa ƙwaya. Ya ce a hankali, "Yaya, wannan ta ishi yaran nan duka." Na dubi dinyar, na dubi 'yata a cinyar uwarta, bakina ya yi nauyi.

Kawu ne ya dafa bututun ya sunkuyar da shi ƙasa. Ya ce, "Auta, ƙirga takun da ke tsakaninku. Ƙwayar nan ba ta ratsa ƙirjin dinya daga nan. Fiffike za ka karya mata, ta shige kacalla ta mutu a can, bakwai ɗin nan su bi ta. Ka kashe takwas, ba ka ci ko ɗaya ba." Auta ya yi shiru, sannan ya juya ya sauke harbin cikin laka, tun da ba a barin sifirin a danne. Da yamma Kawu ya tura yara ƙarƙashin gorubar da ke can ƙarshen tudu suka watsa ɗan tsaki, kafin magariba hasbiya biyu suka sauka. Romon ɗaya 'yata ta sha, ta yi barci.

Na daɗe ina tunanin abin da ya sa maganar Kawu ta zauna mini. Lokacin ambaliyarmu shi ne lokacin da dinya da kirinjijiya suke ƙyanƙyasa, wato ranar da muka fi buƙatar nama ita ce ranar da kashe uwa ɗaya ya fi ɓarna. Da ruwa ya fara janyewa kuma sai baƙin agwagi su iso daga Turai, su ƙetare Hamada su sauka a fadamunmu, su yi hunturu su koma. Saboda su ne aka sa dausayin Baturiya, wanda ke cikin ƙaramar hukumarmu, a jerin dausayoyin duniya masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar a 2008, kuma harbi a cikinsa haramun ne a doka. Da bindigar da ke hannunmu mai ƙarfi ce, mai kai taku ɗari, da wuya a ce yunwa ba ta rinjayi hankali ba a ranar nan, da sauran ranakun da suka biyo. Ƙarancin ƙarfinta ya tsare mu daga ɗaukar abin da ya wuce cin yini, ya bar wa baɗi nata rabon.

Akwai kuma inda ba ta da ta cewa sam. Idan jan-baki ya taso daga maɓoyarsa cikin kacalla ya rufe sama kamar hadari, ya sauka a gonar shinkafa, ƙwaya ɗaya a harbi ɗaya abin dariya ne. Wannan aikin igiya da gwangwanaye ne, da majajjawa, da maƙogwaron yara tun fitowar rana har faɗuwarta, da raga, da jirgin feshin gwamnati idan an samu. Mutanen bidiyon Auta suna hasashen mutum shi kaɗai a daji, yana ɓoye abincinsa daga maƙwabcinsa, bindigarsa ce uwa ita ce uba. A tudunmu wanda ya ware kansa da shi za a fara jana'iza. Bindigar ta yi amfani ne domin akwai mai riƙe tocila, akwai mai fige tsuntsu, akwai mai kwalekwalen da ya kawo gishirin da aka zuba a romon.

Tun daga shekarar nan samari sukan zo su tambaye ni wace iri za su saya. Nakan ce su fara da ƙugiya da raga, su haɗa kuɗi da maƙwabta a kan kwalekwale, su ajiye gishiri da ashana da maganin zazzaɓi a cikin abin da ruwa ba ya shiga. Idan kuɗi ya ragu bayan wannan, kuma hukuma ta ba su takarda, to su nemi mai karyawa, mai ƙotar katako, mai ƙwaya 5.5, su sayi sifirin da roba na ajiya, su yi ta gwaji a kan gwangwani daga taku ashirin har hannunsu ya faɗa. Wanda bai iya samun murfin kwalba daga wannan nisa ba, bai kai ya auna mai rai ba.

Kawu ya daina fita daji yanzu, idanunsa sun yi rauni, amma shi ne yake fara hango shamuwa idan ta dawo kan kukar ƙofar gari, alamar damina ta kusa. Ranar da ya aiko yaro ya ce ta iso, nakan sauko da bindigar daga inda take rataye nesa da hannun yara, in goge ta, in duba robarta, in ƙirga ƙwayoyin da suka rage, in mayar da ita cikin leda. Aikin ba ya cin rabin sa'a. Daga nan sai in ɗauki shebur da buhuna in bi sauran mazan unguwa zuwa bakin jinga, inda aikin yake ɗaukar makonni.